Waƙafin da Ya Tayar da Aladun Mundiki

Barnabas Etuge bai taɓa amsa gaisuwa da harshen da aka yi masa ita ba. In ka gaishe shi da Ingilishi, ya mayar maka da Faransanci. In ka zo masa da Faransanci, ya juye Ingilishi, wai don kada ɗaya ya yi tsatsa. A hayin yamma na rafinmu, inda aka yi makarantar Ingilishi, ya ce a riƙa kiransa Mista. A hayin gabas, wajen masu Faransanci, ya ce Mushe. Mutanen Mundiki ba sa son wahala, sai suka haɗe masa su wuri guda: Mista-Mushe. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Shi ne mataimakin sakataren majalisar garinmu. Ni kuwa, Sakwe, ni ke riƙe da igiyar awon filaye, shekara goma sha tara ke nan. Abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, wani ma da hannuna.

"Sakwe," yakan ce da ni yana kaɗe kafaɗar kwat ɗinsa, "ƙasar nan harshe biyu gare ta, amma mutum nawa ne suka riƙe su duka har gindi? Daga ni sai wani mutum guda a Yawunde. Shi ma na ji ba shi da lafiya."

A shekarar da sakatare zai ajiye aiki, ma'aikatar muhalli ta aiko cewa duk garin da ya kafa dokar kare ruwansa, ya kuma bi ta, za a kawo masa injin tace ruwa da famfuna. Mu kuwa duk garin daga rafin nan muke sha. Majalisa ta sa wani lauya ya tsara dokar, ya aiko ta kashi biyu, ta Ingilishi da ta Faransanci. Ma Célestine, mai buga mana tafireta, ta buga kowace yadda aka aiko ta.

Barnabas ya shimfiɗa su gefe da gefe a kan tebur, ya duba wannan, ya duba waccan, ya dafe kai.

"Ma, wannan wace irin ɓarna ce?"

"Ina ɓarnar, Mista-Mushe?"

"Ta Ingilishi shafi huɗu cif. Ta Faransanci huɗu da rabi. Doka ɗaya ce, ko kuwa wa da ƙane?"

"Faransanci dogon numfashi gare shi. Abin da wannan zai faɗa da kalma uku, wancan sai ya ci biyar."

"To surutu ne ya yi masa yawa. Nan fa? Dubu ɗaya. A wannan kin sa ɗaya, waƙafi, sifili uku. A waccan kin sa ɗaya, kin bar fili kamar giɓin tsohuwa, sannan sifili uku. Waƙafin ne ya ƙare miki?"

"Haka suke rubuta dubu."

"Ga biyu da rabi. Ɗigo a nan, waƙafi a can. Ga wasu 'yan kibiyoyi kamar sawun kaza a bakin magana. Baƙo daga Yawunde ya ga wannan, ai sai ya ce mashaya ne suka buga."

Ma Célestine ta sauke tabaraunta kan hanci. "Shekara ashirin da shida ina buga takardun garin nan. Kowane harshe da yadda yake ɗaura zanensa. Ka ƙyale su."

"Shi ya sa shekara ashirin da shida kina kan kujera ɗaya."

Ta mayar da tabaraunta, ta ci gaba da bugu. Kwana biyu bayan haka 'yarta ta haihu a Nkongsamba, ta ɗauki hutu ta tafi wankan jego. Motarta ba ta gama fita gari ba Barnabas ya janyo tafireta gabansa.

"Doka ɗaya, fuska ɗaya," in ji shi. "In baƙi suka ga wannan aiki, kujerar sakatare da ƙafarta za ta tako ta same ni."

Kwana uku yana caccakar tafireta da yatsa biyu. Sashen da ya ce kada a yi garken alade sai an bar aƙalla mita dubu daga bakin rafi, ya cike giɓin na Faransanci da waƙafi, duka biyu suka koma 1,000. Sashen da ya ce zurfin ramin masai kada ya gaza mita biyu da rabi, ya zaɓa wa duka biyun waƙafi. Da ya ga lambar ta yi gajarta kusa da 'yar'uwarta, sai ya ƙara mata sifili biyu don layi ya daidaita, ta koma 2,500. Rabin shafin da ya yi saura a ta Faransanci kuwa, ya sa almakashi ya datse, ya jefa a aljihun tebur.

"Mista-Mushe, me ke cikin guntun nan?" na tambaye shi.

"Wutsiya ce. Wa ke cin wutsiya?"

Magajin gari ya sa hannu yana cin gasasshen agade. Ya ɗaga takardun biyu ya ce sun yi kyau kamar tagwaye. Aka liƙa ta Ingilishi a bakin gada ta yamma, ta Faransanci a bakin gada ta gabas.

Papa Kamdem ne ya fara karantawa a gabas. Shi ya fi kowa aladu a Mundiki, arba'in da 'yan kai, kuma garkensa na can bayan gari, kullum sai ya yi ta jigilar ruwa a baro. A wajen mai Faransanci, ɗaya da waƙafi da sifili uku, mita ɗaya ke nan ba ƙari. Ya karanta sau uku, ya cire hula ya rungume ta.

"A ƙarshe dai an samu gwamnati mai tausayin alade!"

Washegari ya aiko a kira ni da igiyar awo. Na auna masa mita ɗaya daga bakin ruwa, ya ƙara taki guda, wai don kada a ce ya yi wa doka rowa. Kafin mako ya zagayo, duk mai alade a gabas ya sauko da nasa bakin rafi, sama kaɗan da inda mata ke ɗiban ruwa.

A yamma kuwa, Mami Frida Enanga, shugabar matan kasuwa, ta karanta mita dubu sak, ta kuma karanta shafin ƙarshe: wanda ya saɓa, a ƙwace dabbobinsa, ya share kasuwa mako guda. Ita ma ta kira ni. Muka kama awo daga bakin ruwa, muka haura tudu, muka wuce coci, muka wuce injin markaɗe. Inda igiya ta cika dubu, wani ɗan fili ne na mijinta marigayi, jingine da tagar ɗakin kwanan Barnabas.

"Nan ne, Sakwe?"

"Nan ne, Mami."

"To doka ta yi magana."

Da yamma Barnabas ya dawo ya tarar da aladu goma sha ɗaya suna leƙen tagarsa.

"Mami Frida! Ba ki san gidan wa ke nan ba?"

"Na sani mana, ɗana. Gidan mai doka. Ai shi ya sa na kawo su, su yi karatu kusa da malami."

Bai gama haɗiye wannan ba, sai ga Pa Itoe, tsohon shugaban makarantar firamare, wanda gidansa ke daf da bakin gada ta yamma. Rabin garin nan shi ya koya musu lissafi da bulala. Ya shigo ofis da sandarsa da kofin dokar a hannu.

"Barnabas, masaina ya cika, zan haƙa sabo. Na ga an ce mita dubu biyu da ɗari biyar. Kuskuren bugu ne ko?"

Da ya ce e, da magana ta ƙare a nan. Amma ofis cike yake da mutane.

"Pa, doka ba ta kuskure."

"Dubu biyu da ɗari biyar? Ai ya wuce tsayin tudun coci sau goma."

"Zamani ne, Pa. A ƙasashen da suka ci gaba haka ake haƙawa. Ku da kuka tsaya a harshe ɗaya ba za ku gane ba."

Pa Itoe ya dube shi daga hula har takalmi. "Na tuna ka. Kai ne ka maimaita aji huɗu saboda rabawa." Ya juya. "To, za mu bi doka."

Ya ɗauki mahaƙa uku. Bai haƙa a bayan gida ba, a gefen hanya ya haƙa, inda kowa zai gani. Ya kafa allon makaranta a bakin ramin, kullum da yamma ya rubuta da alli: An haƙa mita huɗu. Saura 2,496. Masu wucewa suka mayar da wurin dandali. Masu bammi suka dawo da tulunansu nan.

Ruwan rafi kuwa ya fara sauya launi. Da farko kamar shayi, daga baya kamar miyar da ta kwana uku. Yara suka shiga gudawa, asibitin mishan ya cika. Ran Laraba matan hayin biyu suka ɗauko bokitai suka jera su a ƙofar majalisa.

"Fito ka sha, Mista-Mushe!"

Ya fito kan baranda, ya ɗaga hannu biyu. "Iyayena mata, ku kwantar da hankali. Duk sabuwar doka sai ta ɗan yi wari kafin ta zauna."

Mami Frida ta matso. "Ka faɗa mini, don me nawa aladun ke kan tudu, na Kamdem na wanka a rafi?"

"Ni doka na bi, Madam," in ji Papa Kamdem daga bayan taro. "Mita ɗaya. Har ƙari na yi."

"Mita dubu!"

"Ɗaya!"

"Makaho! Ba ka ga waƙafi ba?"

"Waƙafin na gani, shi ya sa na ce ɗaya!"

"In ka saɓa a ƙwace su!"

"A ƙwace? A ina aka rubuta? Tamu dokar ba hukunci a cikinta. Ta ƙare da fatan alheri."

Wuri ya ɗauka gaba ɗaya. Mutanen yamma suka ce dama sun sani, kullum su ake yi wa bulala, 'yan gabas a shafa musu mai. 'Yan gabas suka ce hassada ce. Aka tono rigimar filin ƙwallo ta shekara goma da ta wuce. Surukai suka daina gaisawa a kan gada. Magajin gari ya leƙo ta taga, ya ga bokitai, ya kira Barnabas ciki.

"Jibi Juma'a jami'ar ma'aikata za ta zo duba mu. In injin nan ya kuɓuce mana, da kai zan tace ruwan."

"Ranka ya daɗe, ƙaramin abu ne. Na gano inda matsalar take. Waƙafi ne bai karɓi garin nan ba."

Ranar Alhamis da sassafe ya fita da alƙalami da farin fenti da ƙullun rogo. Duk inda waƙafi yake cikin lamba, a takardun biyu, ya shafe ya ɗiga ɗigo. Ya ciro guntun nan daga aljihun tebur ya manna shi a gindin ta Faransanci. Ya ja da baya ya duba aikinsa.

"Sakwe, ka ga abin da ake kira ilimi. Har yanzu tagwaye ne."

Tagwaye ne kuwa, sai dai sun yi musayar riga. Ɗaya da ɗigo da sifili uku, a wajen mai Ingilishi mita ɗaya ce. A wajen mai Faransanci kuwa dubu ce cif.

Mami Frida ta karanta, ta yi guɗa. Ta gaji da hawa tudu da bokiti. Ta aika wa duk masu aladun yamma cewa gobe a sauka rafi, abin da ya yi Kamdem shi zai yi su.

Papa Kamdem ya karanta tasa, ya ga dubu, ya ga sabon guntu a ƙasa mai maganar ƙwace, ga kuma baƙuwa gobe. Ya zo gidana ba ko hula.

"Sakwe, mita dubu ta gabas ina ta kai?"

"Tsakiyar fadama, Papa. Ko kwaɗo ba ya kwana a can."

"To sai tudun yamma, gonar surukina. Gobe da wuri zan haye da su." Ya juya zai tafi, ya dawo. "Wai kuma da gaske ne masai sai mita dubu biyu da ɗari biyar?"

"Je ka tambayi Pa Itoe, ya riga ka farawa."

Juma'a ta zo. An share bakin gada, an kafa rumfa da ganyen kwakwa. 'Yan makaranta sun jeru da ganguna. Magajin gari ya ɗaura ɗamararsa mai launin tuta. Barnabas ya sa kwat mai ruwan toka da farin takalmi, ya rubuta jawabi shafi shida, layi ɗaya Ingilishi, layi ɗaya Faransanci.

Ƙarfe goma motar baƙuwa ta hawo gada daga gabas. A bayanta, ba wanda ya lura, Papa Kamdem da maƙwabtansa ne ke koro aladu kusan tamanin. A gabanta kuma, daga tudun yamma, Mami Frida da mutanenta na gangarowa da nasu. Gadar Mundiki mota ɗaya take ɗauka, ita ma sai direba ya yi addu'a.

Aka haɗu a tsakiya.

Ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Aladun gabas suka ga na yamma, ba su tsaya tambayar harshe ba. Masu faɗa na faɗa, masu neman aure na nema. Wani ƙato ya shige ƙarƙashin mota ya ɗaga ta. 'Yan ganga suka ɗauka an fara biki, suka ƙara wuta.

"Koma da naka, Kamdem!"

"Ke ki koma! Doka ce ta koro ni!"

"Ni ma ita ta kira ni!"

Baƙuwar ta fito ta tagar mota, ta taka kan bonet, ta dira a bakin gada. 'Yar gajeruwar mace ce mai furfura, da jaka a hammata. Ta tsaya ta karanta takardar yamma tun daga sama har ƙasa. Ta sa aka ciro mata ta gabas, aka miƙo ta hannu da hannu ta saman aladu. Ta haɗa su, ta kankare farin fentin da farce, ta shinshina ƙullun rogon.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Barnabas ya ture magajin gari ya fito, ƙirji a gaba. "Ni ne, Madam. Ni kaɗai. Ba wanda ya taya ni ko da ɗigo ɗaya."

"Wannan na yarda." Ta juya harshe, ta zubo masa Faransanci mai gudu kamar ruwan Agusta. Ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi yana cewa e, e. Papa Kamdem ya fashe da dariya har ya saki sandarsa.

"Me ta ce?" in ji Mami Frida.

Papa Kamdem ya ce, "Tambayarsa ta yi ko an taɓa auna masa ƙwaƙwalwa aka tarar ba komai. Ya ce e, sau biyu."

Baƙuwar ta nuna masa lambar da yatsa. "Karanta mini wannan. Mita nawa?"

Ya duba. Ya dubi Mami Frida, ya dubi Papa Kamdem. Ya share wuya.

"Madam, ya danganta da hayin da mutum yake tsaye."

"To zo ka tsaya a tsakiyar gada ka karanta."

Ya fara ja da baya, wai yana neman inda haske ya fi kyau. Daidai nan wata uwar aladu ta Mami Frida, wadda ta yi mako biyu tana cin ɓawon rogo a gindin tagarsa, ta hango shi ta gane maƙwabci. Ta nufo shi a guje. Mista-Mushe ya watsar da jawabi, ya kwasa. Ya tsallake ganga, ya rusa rumfa, ya waiwaya ya ga tana nan, ya ƙara mai. Ya yi karo da allon Pa Itoe, allon ya kife, shi kuma ya ɓace daga doron ƙasa.

Sai muka ji tsulum.

Muka ruga bakin ramin. Yana can ƙasa cikin taɓo har ƙugu, farin takalmi ɗaya na yawo a gefensa. Ihu yake yi yana kiran uwarsa, ba da Ingilishi ba, ba da Faransanci ba, da yaren ƙauyensu tsantsa, wanda ya sha rantsuwa ya manta shi tun yana yaro.

Pa Itoe ya tako a hankali, ya dogara sanda, ya leƙa.

"Barnabas, ka ji ciwo?"

"Pa, ku fitar da ni! Zan mutu!"

"Ba za ka mutu ba, mita bakwai ce kawai. Ka gode wa Allah ban gama bin dokarka ba, da sai jibi za ka isa ƙasa."

Da igiyar awona aka jawo shi. Shi ma sai da ya koma sau biyu, don 'yan yamma na ƙirga ɗaya, biyu, uku da nasu harshe, 'yan gabas da nasu, ba a taɓa ja tare ba. Sai da Mami Frida ta daka tsawa da yaren kasuwa ta ce, "Ku ja, 'yan banza!" sannan ya fito kamar rogon da aka tuge.

Baƙuwar ta ba mu wata uku mu gyara. Aka aika wa Ma Célestine mota har Nkongsamba. Ta zo da jikanta a baya, ta sake buga dokar cikin yini ɗaya, kowace da tsarinta, ta kuma rubuta kowace lamba da kalmomi a gefe. Aladu suka koma bayan gari, rafi ya washe, yara suka warke. Injin bai iso ba sai bayan shekara biyu, amma ya iso. Kujerar sakatare kuwa Ma Célestine aka ba.

Barnabas aka mayar da shi kula da maƙabartar gari, inda magajin gari ya ce ko ya yi kuskure ba mai kawo ƙara. Na same shi can bayan wata guda, yana tsaye tsakanin kaburbura da littafi a hannu, yana girgiza kai.

"Sakwe, zo ka ga ɓarna. Duwatsun nan, wasu an rubuta da Ingilishi, wasu da Faransanci, wani dogo, wani gajere. Ba tsari ko kaɗan." Ya rage murya. "Kana da guduma da kurfi a gida?"

Na ce ba ni da su. Daga nan ban zarce gida ba, sai da na bi maƙeran garin nan ɗaya bayan ɗaya, hayi biyu, na roƙe su don girman iyayensu da ke kwance a wurin, kada wanda ya ara masa.